Malafar Borsalino a cikin dilar gwanjo

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya. Ya ce a Ƙofar Wambai, cikin kayan gwanjo, ya tsinci malafa irin ta Turawa, ruwan toka, mai laushi. A ciki an buga sunan Borsalino, da lamba 5½, da rubutun "Grand Prix Paris 1900". Yana so ya san ko ta gaske ce, ko da gaske shekarunta sun haura 120, sannan idan mutum zai fara tara irin waɗannan tsofaffin malafu, me ya kamata ya riƙa dubawa.

Malam, bari in fara da abin da ba zai yi maka daɗi ba: 1900 ɗin nan ba shekarar da aka yi malafarka ba ce. Shekarar da kamfanin ya ci lambar yabo ce a babban bajekolin birnin Paris, kuma sun yi ta buga wannan alfahari a cikin malafunsu shekaru da dama bayan nan. Kamar shagon da ya rubuta shekarar kafuwarsa a kan leda ne, ledar kuwa ta jiya ce. Giuseppe Borsalino ya buɗe masana'antarsa a garin Alessandria na Italiya a 1857, kuma har gobe ana yin malafa da sunan. Don haka sunan shi kaɗai bai faɗa maka komai ba game da shekaru. Lambar 5½ kuwa awon kai ne irin na Italiya da Faransa, wajen santimita 58 ke nan.

Ni idan aka miƙo mini malafa, suna shi ne abu na ƙarshe da nake karantawa. Da hannu nake farawa, domin jikin malafar shi ne malafar, sauran duk ana iya sauyawa.

Wannan jiki ba saƙa ba ne. Ka duba da kyau, ba za ka ga zare ko ɗaya ba. Gashi ne zalla aka cure har ya kama juna. Kowane silin gashin dabba yana da 'yan ɓawo-ɓawo a jikinsa waɗanda ido ba ya gani, idan aka haɗa masa zafi da ruwa da murza sai su sarƙe, ba sa sake rabuwa. Jar darar da dattawanmu ke sawa 'yar'uwarta ce ta nesa, sai dai ita dara ana fara saƙa ta da ulu, ƙatuwa, sannan a yi ta cuɗa ta a ruwan zafi har ta tsuke saƙar ta ɓace, kamar yadda ake yi a Tunis da kuma garin Strakonice na ƙasar Cek. Malafa ba ta bi ta wurin masaƙi ko kaɗan. Gashin ƙasa-ƙasa na zomo ake askewa daga fata, mai taushin nan da ke kwance a ƙarƙashin dogon gashi, a sheƙe shi a fitar da masu kauri, sannan a hura shi a kan wani ƙarfe mai siffar mazurari, mai huji-huji, tsayinsa ya kusa mita guda. Iska tana zuƙowa daga ciki, gashin yana mannewa a jikin ƙarfen kamar auduga. Sai a jiƙa shi da ruwan zafi a zare a hankali. A wannan lokaci abin ya yi girman buhu, kuma da yatsa za ka iya huda shi. Daga nan sai naɗewa da murzawa da tsomawa a ruwan zafi, a sake, a sake, har ya tsuke ya dawo bai fi kashi ɗaya cikin uku na girmansa ba, ya yi ƙarfin da ƙato biyu ba za su yaga shi da ja ba. Sannan a rina, a sa masa ɗan ƙaro na shalak don ya tsaya, a ɗora shi a gungumen katako da tururi ya ɗauki siffar kai, a goge shi da samfefa mai laushi har ya yi sumul. Malafa ɗaya takan ci gashin zomaye goma ko fiye.

Yawan murzar nan da yawan gugar nan su ne bambancin tsohuwar malafa da ta yanzu. Aiki ne mai cin lokaci, kuma lokaci shi ne abin da masana'antu suka fara ragewa da kasuwar malafa ta faɗi a shekarun 1960. Ka kama bakin taka tsakanin babban yatsa da manuni. Idan siriri ne amma a cure, kamar fatar da ta sha jima, ka lanƙwasa ya bi ka, ka sake shi ya tsaya inda ka ajiye shi, to gashin zomo ne mai kyau. Idan ya yi kauri, yana da kaushi kamar bargo, kana dannawa yana dawowa kamar soso, ulun tumaki ne. Ta ulu ita ce ta talaka tun asali, ruwan sama ɗaya yake tsuke ta ya karkatar da ita, kuma mai tara malafu ba ya ɓata kuɗinsa a kanta sai in tana da wani tarihi na daban. Akwai kuma mai tauri kamar kwali, wadda aka cika wa shalak don a ɓoye raunin gashin. Wannan kyan ɗan maciji ne, ranar da ƙaron ya saki sai ta zama tsumma. Amma kada ka haɗa da malafar da dama tauri ne ɗabi'arta, irin mai zagayayyen kai da kamfanin Lock na Landan ya sa 'yan gidan Bowler suka fara yi a 1849 don masu gadin daji, saboda kada reshe ya fasa musu kai a bisa doki.

Sama da zomo akwai zomon daji na Turai, sama da shi kuma akwai biba, dabbar ruwan nan mai faffaɗar jela da ke datse rafi da itace a Kanada da Amurka. Gashinta ya fi kowanne kama juna da kansa, ya fi jure ruwa, kuma saboda shi aka kusa ƙarar da ita a Turai, aka kafa kamfanin Hudson's Bay a 1670 don cinikin fatarta a Kanada. Gashin zomo ba ya curewa da sauƙi haka, shi ya sa masu sana'ar suka riƙa shafa wa fatun wani ruwa mai zaiba kafin aski. Tururin zaibar nan ya nakasa ma'aikata ba iyaka. A Danbury, garin malafa na jihar Connecticut, karkarwar hannu ta zama ciwon gari har aka sa mata sunan garin, wasu haƙora suka zube, wasu hankali ya gushe. Sai a Disamba 1941 aka hana amfani da zaiba a wannan sana'a a Amurka, kuma lokacin ana tsananin bukatarta wajen haɗa kayan yaƙi, abin da ya sauƙaƙa hanin.

A nan ne zan ja kunnenka game da alamar X. A malafun Amurka, musamman na makiyayan shanu, za ka ga an buga 3X, 7X, 10X, har 100X, mai sayarwa ya ce maka yawan X yawan gashin biba. Babu wata hukuma da ta taɓa tsayar da ma'aunin wannan. Kowane kamfani da nasa lissafin, kuma kamfani ɗaya ma lissafinsa na 1950 ba shi ne na yau ba. Na riƙe malafar kamfanin Stetson na Amurka mai 3X ta shekarun 1950 wadda ta fi wata sabuwa mai 20X kyau nesa ba kusa ba. X ɗin nan ya yi ta hauhawa ne kamar farashin kaya, gashin kuwa yana raguwa.

Idan hannu ya gamsu, sai ka kifa ta ka leƙa ciki, domin shekarun malafa a ciki suke. Akwai fatar da ta zagaye wurin da goshi ke taɓawa, mai tare gumi. A tsohuwar malafa ta kirki fatar tunkiya ce ta gaske, faɗinta ya kai inci biyu ko kusa, mai laushi. Ka duba inda ta haɗu da jikin malafar: sau da yawa akwai wani siririn tsinke da aka naɗe a ƙyalle aka ɗinke a gefen fatar, shi ke sa bakin ya zauna a zagaye, ya kuma ɗan raba gumi da gashin. Malafun Italiya da yawa, har da Borsalino, ba su da wannan tsinke, an ɗinke fatar kai tsaye da ƙananan ɗinki, shi ya sa suke zama a kai kamar ba a sa komai ba, shi ya sa kuma ɗinkin yake saurin tsinkewa idan ya tsufa. Idan ka ga roba ko fatar kanti mai ƙyalli, siririya, to malafar ba ta da nisa, ko kuma an sauya mata. A bayan fatar akwai ɗan ƙullin ƙyalle ƙarami, wanda ke nuna maka baya. A kan fatar kuma, ban da sunan kamfani, akan buga sunan kantin da ya sayar da ita da garinsa. Wannan suna ya fi na kamfanin amfani wajen gano shekaru, don idan ka bincika ka tarar kantin ya rufe a shekara kaza, ka san malafar ta riga wannan shekara.

A ƙarƙashin fatar ake ɓoye 'yan takardu: na awo, na lambar gungumen da aka yi ta a kai, wani lokaci har da farashi. Amma ka yi hattara wajen ɗaga ta. Ni na taɓa yin wannan wauta da wata malafar kamfanin Dobbs na Amurka da na saya a hannun wani dillali, cikin tsakiyar hunturu. Ɗoki ya hana ni haƙuri, na sa yatsa na juyo fatar gaba ɗaya don in ga takardar baya. Sai na ji ƙas, kamar an karya ƙosai busasshe. Fatar da ta yi shekara sittin lafiya ta tsage tun daga goshi har kunne, ɗinkin ya bi ta, garinta ya zubo mini a cinya. Takardar da na yi wa wannan ɓarna kuwa lambar awo ce kawai. Tun daga ranar, sai na shafa wa fata ɗan man gyaran fata na bar ta kwana biyu, sannan in ɗaga gefe kaɗan in haska da fitilar waya.

Abin da za ka iya tararwa a can yana da daɗin karatu. A malafun Amurka, tambari mai shuɗiyar gaggafa da haruffan NRA yana nufin tsakanin 1933 da 1935, don a 1935 kotun ƙolin ƙasar ta rushe dokar da ta kawo shi. Takardar farashi mai haruffan OPS ta zamanin yaƙin Koriya ce, 1951 zuwa 1953, lokacin da gwamnati ta ƙayyade farashin kaya. Adireshin da lambar gidan wayarsa ke da alƙaluma biyar bai riga 1963 ba. Akwai kuma tambarin ƙungiyar ma'aikatan malafa: idan sunan bai wuce United Hatters of North America ba, tsohon suna ne, don a 1934 suka haɗe da masu yin hula da malafun mata sunan ya ƙara tsawo. Sai dai masana'anta ba ta zubar da takardun da suka rage mata ranar da aka sauya suna, takan ci gaba da liƙawa har su ƙare, don haka ka ba wa lissafinka 'yar sarari. Stetson da aka yi a masana'antarsu ta asali a Philadelphia, inda John B. Stetson ya fara a 1865, ba ta wuce farkon shekarun 1970 ba, bayan nan wasu kamfanoni ne ke yi da izinin sunan. A malafun Ingila masu tambarin fada, ka duba ko Sarki George aka ambata ko Sarauniya Elizabeth, domin Sarki George na shida ya rasu a Fabrairun 1952, ita ta gaje shi. Wadda aka rubuta wa Jamus ta Yamma ko Czechoslovakia kuwa, ƙasar da ta haife ta ma babu ita yanzu.

Kai da ke riƙe da Borsalino, akwai wani abu da ya kamata ka duba. Gidan ya taɓa rabuwa biyu. A 1906 wani ɗan dangi ya fice ya kafa nasa kamfanin a gari ɗaya, da sunan "G.B. Borsalino fu Lazzaro", aka yi ta gasa har uwar gidan ta haɗiye shi a shekarun 1930. Su na asali sukan rubuta "Antica Casa", wato tsohon gida, don a bambance. Idan taka tana ɗauke da "fu Lazzaro", ka tsinci dami a kala.

Sannan shafin ciki, wanda galibi satin ne mai ɗauke da tambari. A tsofaffi ɗinke shi ake yi da 'yan ɗinki a jikin gashin, a na baya-baya kuwa gam ake ɗiga masa. Ledar da ake rufe tambarin da ita don kada man gashi ya ɓata shi ta yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Rashin shafi ba aibi ba ne, akwai marasa nauyi na lokacin zafi da dama haka aka yi su, aka buga tambarin kai tsaye a ƙoƙon malafar, wato wurin da kai ke shiga. A ƙasarmu ma su suka fi daɗin sawa.

Siffa ma tana magana, ko da yake ba ta da tabbas kamar takarda. A shekarun 1940 ƙoƙon dogo ne, gefensa a miƙe, bakin ya kai inci biyu da rabi ko fiye. Daga ƙarshen shekarun 1950 sai ƙoƙo ya gajarce ya tsuke ta sama, baki ya koma ƙasa da inci biyu. A da kuma ƙoƙon a buɗe ake sayar da shi, zagaye kamar ƙwarya, mai kanti ko mai saye shi ke karya shi da hannu yadda yake so, kamar yadda kowa ke da nasa karin hula. Ka tura ƙoƙon taka daga ciki a hankali. Idan ya tashi ya koma zagaye ba gardama, na hannu ne. Idan karin ya ƙi tashi, kamar an zuba shi a kwano, inji ne ya buga shi.

Gefen baki shi ne wurin da nake daɗewa. Wani a yanke kawai aka bar shi, wani an naɗe shi da ƙyalle, wani an kalmasa shi sama ko ƙasa an bi da ɗinki. Akwai na huɗu, wanda idan na gan shi ba na tsayawa dogon ciniki. Ka shafa gefen ka ji ya ɗan yi kauri kamar an kalmasa, ka duba sama da ƙasa ka rasa ɗinki ko ɗaya. Tun jikin yana ɗanye aka ninke gefen, aka ci gaba da murza har ninkin ya narke a cikin sauran. John Cavanagh, wani mai yin malafa a Amurka, ya yi rajistar wannan dabara a 1913, daga baya sauran kamfanoni suka riƙa yi kowa da sunan da ya raɗa mata, Stetson suna cewa Mode Edge, Dobbs suna cewa Guild Edge. Aikin hannu ne mai wuya, masana'antu sun daina shi, don haka duk malafar da ke da shi tsohuwa ce kuma ta manya ce.

Ɗamarar da ta zagaye ƙoƙon, idan tsohuwa ce, auduga ce da siliki ko rayon, tana kwanciya luf a jikin malafar, an kama ta da 'yan ɗinki da ba sa fitowa fili. Ta roba tana ƙyalli, tana tashi ta sama. Idan ka ga siririn igiya ta zagaye gindin ƙoƙon da ɗan maɓalli, kada ka yanke, ta maƙalawa a rigar kwat ce don kada iska ta tafi da malafar.

Game da tarawa kuwa, shawarata ka sayi abin da zai shiga kanka. Ka sa tela ya auna ka da tef, sama da gira kaɗan. Santimita 57 ita ce 7⅛ a awon Amurka, 58 ita ce 7¼, 59 kuma 7⅜, awon Ingila yana ƙasa da na Amurka da ⅛. Tsofaffin malafu ƙanana sun fi yawa, manya suna wuya, kuma fata takan tsuke da shekaru, don haka lambar da ke ciki ba alkawari ba ce. Tabon gumi da ƙura suna fita, ɗamara ana sauyawa, fatar ciki ma baduku mai hannu zai yanka maka sabuwa idan ka ba shi tsohuwar ya gwada, sai dai ka adana tsohuwar a ambulan don ita ce takardar haihuwar malafar. Abin da ba ya gyaruwa shi ne cin asu da ya huda, da tsagewar gaban ƙoƙo inda masu ita suka yi shekaru suna kamawa da yatsu uku. Ka ɗaga ta ga hasken rana ka leƙa ta ciki kafin ka biya. Kai ma ka saba ɗaukarta ta baki da hannu biyu.

Kada ka kai ta wurin mai wankin hula. Sana'arsa daban ce: ruwa da sabulu da sitati da bugu a kan gungume, abin da ke gyara zanna bukar shi ne zai kashe malafa. Buroshi mai laushi ya ishe ka, kana bin kwanciyar gashin, sai tururin buta idan za ka gyara kari ko ka miƙar da baki, kana kare fatar ciki daga tururin don yana ƙona ta nan take. Kada ka bar ta a mota da rana. Da hunturu ka riƙa shafa wa fatar mai kaɗan, da damina ka riƙa fito da ita ta sha iska a inuwa saboda fumfuna. Ka ajiye ta a kife, ƙoƙo a ƙasa, cikin kwali da ɗan kafur a gefe, ba a jikinta ba. Ita kuwa wannan da ta fito daga dila, kafin ta haɗu da rigunanka na ulu, ka ɗaure ta a leda ka sa a firiza kamar mako guda don ƙwayayen asu su mutu, in wutar unguwarku za ta ba da haɗin kai. Bayan nan ka shafa wa fatar mai, ka jira kwana biyu, ka ɗaga gefen baya kaɗan, ka turo mini hoton takardar da ke ciki da na sunan kantin da aka buga a fatar.